Ina Za a Kai Mu a The Elder Scrolls VI? Mun Bi Sawun Labarin Har Cikin Hamada

A ranar 11 ga Nuwamban 2011 ne kamfanin Bethesda da ke Amurka ya fitar da wasan bidiyon nan mai suna Skyrim. Mu da muke wannan rubutu ba mu wuce shekara biyar zuwa shida ba a lokacin. Ku kuwa ƙannenmu na sakandare, wasunku suna goye, wasu ma ba a haife su ba. Skyrim shi ne na biyar a jerin wasannin The Elder Scrolls, kuma ya karɓu sosai, domin a 2023 jagoran masu haɗa shi, Todd Howard, ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. A watan Yunin 2018 kamfanin ya sanar da cewa na shida yana tafe, ya nuna wani ɗan bidiyo mai tsawon daƙiƙa 36. Daga nan, in ban da cewa ana kan aiki, shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Har zuwa lokacin da muka zauna rubuta wannan, ba a faɗi ranar fitowarsa ba, ba a kuma faɗi ƙasar da labarin zai gudana a cikinta ba.

Mu uku ne a ɗakinmu na kwanan ɗalibai a jami'a, tsohuwar laftof guda muke karɓa-karɓa da ita idan an gama karatu kuma an yi sa'ar wuta. Gardamar inda sabon wasan zai kai mu ta cinye mana dare ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wata rana ɗayanmu da ke karanta Tarihi ya ce mu daina ɗaga murya, mu yi abin da malamansu ke sa su yi, wato a ware abin da aka tabbatar daga abin da ake zato. Sai muka kasa hujjojinmu kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da kamfanin ya faɗa ko ya nuna da kansa. Na biyu, abin da ke rubuce a cikin wasannin da suka gabata. Na uku, abin da masoya wasan suke fata kawai. Ga inda wannan aiki ya kai mu.

Wace duniya ce wannan?

Ga wanda bai taɓa jin labarin ba, duk abin da za mu ambata ƙirƙirarre ne, kamar yadda babu wanda ya taɓa zuwa gidan Gizo da Ƙoƙi. Labarin yana gudana a wata nahiya da ake kira Tamriel, mai larduna tara. Abin da ya bambanta shi da tatsuniyar kaka shi ne yawan rubutun da aka tara a kansa tun daga wasan farko a 1994. Idan kana yawo a cikin Skyrim za ka tarar da ɗaruruwan littattafai da wasiƙu a kan kantoci da cikin akwatuna, kuma kana iya buɗe su ka karanta. An rubuta su ne da bakin mutanen wannan duniyar, sojoji da malamai da 'yan kasuwa, wasu masu gaba da juna. Shi ya sa sukan saɓa, kowa yana gyara labari ya dace da ɓangarensa. Mai son hango abin da zai zo sai ya karanta da hattara, ya tambayi kansa wa ya rubuta, kuma me zai ci da abin da ya rubuta.

Mu fara da taswira

Wasan farko, Arena, ya zagaye nahiyar gaba ɗaya amma sama-sama. Daggerfall na 1996 ya tsaya a kewayen wani mashigin teku mai suna Iliac Bay, inda lardin High Rock da na Hammerfell suke kallon juna. Morrowind na 2002 ya gudana a tsibirin Vvardenfell. Oblivion na 2006 ya kai mu Cyrodiil, cibiyar Daula. Skyrim kuwa ƙasar arewa ce mai dusar ƙanƙara. Kun ga ke nan tun daga Daggerfall kowane babban wasa sabon wuri yake ɗauka. Abin da ya rage shi ne Summerset, Valenwood, Elsweyr, Black Marsh, sai kuma manyan sassan High Rock da Hammerfell da ba a taɓa ba.

Yanzu mu koma ga bidiyon 2018, wanda shi ne babban abin da ke cikin kashinmu na farko. Kyamara tana shawagi ta cikin hazo, sai ga duwatsu masu tsayi, ƙasa mai ƙarancin itatuwa, wani gini mai kama da tsohon sansanin yaƙi, da teku a gefe. Valenwood kurmi ne mai manyan itatuwa, don haka ya fita. Black Marsh fadama ce, ita ma ta fita. Summerset tsibiri ne mai korayen lambuna da dogayen hasumiyoyi masu ƙyalli, bai yi kama ba. Elsweyr, ƙasar mutane masu siffar kyanwa, tana da hamada a arewacinta, amma kudancinta da ke bakin teku dausayi ne da kurmi. Sai aka bar mu da Hammerfell da High Rock.

A nan muka rabu. Biyu daga cikinmu suka ce bushewar ƙasar ta fi kama da Hammerfell, na ukun ya kafe cewa duwatsu da sansani na High Rock ne. Yana da hujjarsa, kuma ba abin mamaki ba ne a haɗa su biyun tunda maƙwabta ne. Sai dai kada mu ɗora wa daƙiƙa 36 nauyin da ya fi ƙarfinsu. An yi bidiyon ne shekara biyar kafin kamfanin ya fitar da Starfield a 2023, wasan da ya sha gaban wannan a layi. Abin da aka zana a wancan lokaci yana iya canzawa. Dole mu nemi ƙarin hujja a kashi na biyu.

Yaƙin da bai ƙare ba

Labarin Skyrim ya faru ne a shekara ta 201 ta Zamani na Huɗu, bisa kalandar Tamriel. Shekara 30 kafin nan, a 171, aka fara abin da suke kira Babban Yaƙi tsakanin Daula da ƙawancen Aldmeri. Wannan ƙawance yana ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Thalmor, ta jinsin Altmer, wasu dogayen halittu masu kama da mutane, masu kunnuwa masu tsini, da ke ganin sun fi kowa asali. Sun nemi Sarkin Daula, Titus Mede na Biyu, ya biya haraji, ya rushe rundunar 'yan leƙen asirinsa, ya hana bautar Talos, wani tsohon sarki da mutanen labarin suka ɗaukaka, sannan ya miƙa musu babban yanki na Hammerfell. Ya ƙi, yaƙi ya ɓarke.

Rundunar Aldmeri ta mamaye gaɓar kudancin Hammerfell, sojojin Daula suka ja da baya ta cikin hamadar Alik'r cikin ƙishirwa. Birnin Hegathe ne ya ƙi faɗuwa, har a 173 wata runduna daga Sentinel ta zo ta kore masu kewaye da shi. A 174 babban birnin Daula ya faɗi, a 175 aka ƙwato shi, amma sojoji sun ƙare. Sarki ya sa hannu a yarjejeniyar sulhu wadda ta amince da kusan duk abin da ya ƙi tun farko, har da miƙa kudancin Hammerfell.

Mutanen Hammerfell, waɗanda ake kira Redguard, suka ce ba da su ba. Don ya tsira da sulhunsa, sarki ya cire Hammerfell daga cikin lardunan Daula. Redguard suka ci gaba da yaƙi su kaɗai har shekara biyar, sai a 180 aka sa hannu a yarjejeniya ta biyu ta Stros M'Kai, sojojin Aldmeri suka fice daga ƙasar baki ɗaya.

Ku lura da abu guda. Littafin da ya fi ba da wannan tarihi a cikin Skyrim an jingina shi ne ga wani kwamandan sojan Daula, kuma yana ƙoƙarin nuna cewa sarki ba shi da wata mafita. Duk da haka bai iya ɓoye cewa Redguard sun tsaya da ƙafarsu ba. Idan wanda ke kare ɓangare guda ya yarda da abin da ke kunyata ɓangarensa, wannan hujja ce mai nauyi.

Sauran abubuwan da ke cikin Skyrim ma suna nuna cewa wutar ba ta mutu ba. A ofishin jakadancin Thalmor akwai takardun sirri da ke nuna cewa suna son yaƙin basasar Skyrim ya daɗe ba tare da kowa ya ci nasara ba, don Daula ta ƙara rauni. Marubutan wasan sun gina babban abokin gaba, ba su kuma ba mai wasa damar gamawa da shi ba. Ƙasa ɗaya tilo da ta kori wannan abokin gaba ita ce Hammerfell. Wannan ce hujjarmu mafi ƙarfi.

Matar da ke ɓoye a Whiterun

Akwai wani ɗan aiki a Skyrim da muka fi yin gardama a kansa. A ƙofar birnin Whiterun za ka haɗu da mayaƙan Alik'r suna neman wata mata 'yar Redguard. Za ka same ta tana aiki a masauƙin baƙi da sunan Saadia. Ita ta ce 'yar gidan sarauta ce, ta soki Aldmeri ne a fili shi ya sa aka turo a kashe ta. Shugaban mayaƙan, Kematu, ya ce ita ce ta ci amanar birnin Taneth lokacin yaƙi, kuma an aiko su ne su mayar da ita gida da ranta a yi mata shari'a. Kai ne za ka zaɓi wanda za ka taimaka wa, kuma wasan bai taɓa faɗin wa ke da gaskiya ba.

Mai karanta Tarihin namu ya nuna mana wani abu. Idan Hammerfell ta yaƙi Aldmeri har ta kore su, me zai sa wanda ya soke su ya gudu daga can? Wannan ya raunana labarin Saadia. Amma ko wanne ne gaskiya, abin da ya fito fili shi ne, shekara 21 bayan yarjejeniya, manyan gidajen Hammerfell suna nan suna farautar maciya amana. Ƙasar da ke cikin irin wannan hali tana da labarin da ya isa a gina wasa a kansa.

Su wane ne Redguard?

Bisa littattafan wasan, Redguard baƙar fata ne da suka taso daga wata nahiya a yamma mai suna Yokuda, wadda ta nutse a teku a Zamani na Farko. Rundunar da ta fara sauka ana kiranta Ra Gada, kuma daga nan aka ce sunan Redguard ya samo asali. Tun daga lokacin suka rabu gida biyu. Crowns su ne jikokin masu sarautar Yokuda, masu riƙo da al'adar kakanni. Forebears jikokin mayaƙan farko ne, waɗanda suka fi cuɗanya da baƙi. Gabarsu ta kai ga yaƙin basasa a baya. Ceton Hegathe da muka ambata yana da muhimmanci saboda birnin Crowns ne, masu ceton kuwa Forebears ne. Tambayar da muke ganin sabon wasa zai iya ɗauka ita ce, shin haɗin kan da yaƙi ya kawo zai ɗore bayan abokin gaba ya tafi?

Akwai kuma tsohuwar fasahar takobi ta Yokuda. An ce gwanayen da ake kira Ansei suna iya samar da takobi daga ruhinsu, sunansa Shehai, kuma wannan ilimi ya kusa ɓacewa. A Skyrim, babban ƙarfin jarumin shi ne wata tsohuwar fasahar tsawa ta mutanen arewa da ita ma ta kusa ɓacewa. Idan kamfanin ya bi wannan salo, Shehai ce za ta maye gurbinta. Wannan zato ne mai tushe a kashi na biyu, amma kamfanin bai taɓa faɗa ba.

Inda hujja ta yi rauni

A tsibirin Balfiera da ke cikin Iliac Bay akwai Hasumiyar Adamantine, wadda labarin ya ce ita ce gini mafi tsufa a Tamriel. Masoya da yawa sun yi imani cewa Thalmor suna son rusa ta don su warware duniya baki ɗaya. Labari ne mai daɗi, mu ma mun so shi. Da muka bi sawunsa sai muka ga mafi yawansa ya dogara ne da rubuce-rubucen da wani tsohon marubucin kamfanin, Michael Kirkbride, ya yi a wajen wasannin. Don haka muka ajiye shi a kashi na uku. Haka ma batun tuƙa jirgin ruwa. Hammerfell tana da dogon bakin teku, kuma a Starfield mai wasa yana iya ƙera jirgin sararin samaniya, sai wasu suka ce ai za a ba mu jiragen ruwa. Yana yiwuwa, amma fata ne.

Abin da ya koya mana taka tsantsan shi ne labarin Redfall. A 2018 uwar kamfanin Bethesda, ZeniMax, ta nemi rajistar wannan suna. Nan take masoya suka ce an gama, ai haɗin Redguard da Hammerfell ne, shi ne sunan wasa na shida. A 2021 aka bayyana cewa Redfall wani wasa ne daban na kamfanin Arkane, game da masu shan jini a wani garin Amurka, kuma ya fito a 2023. Kowa ya ga abin da yake son gani ne a cikin harufa bakwai.

Yaushe labarin zai faru?

Akwai matsalar da marubutan za su fuskanta. A Skyrim wani mai wasa ya goyi bayan Daula, wani ya goyi bayan 'yan tawaye, wani ma ya kashe sarkin Daula da hannunsa. Wanne za a ɗauka a matsayin abin da ya faru? Kamfanin ya taɓa shiga irin wannan. Daggerfall yana da ƙarshe daban-daban, sai wani littafi a wasan Oblivion ya bayyana cewa lokaci ne ya tsage, duk suka faru tare, ƙananan masarautu 44 na yankin suka koma huɗu. Wata dabarar ita ce tsallake zamani, kamar yadda aka sa shekara 200 tsakanin Oblivion da Skyrim. Mu dai muna zaton wannan karon tazarar ba za ta yi nisa haka ba, domin idan aka yi tsalle mai tsawo, rigimar Thalmor da aka sha wahalar ginawa za ta huce.

Abin da ya sa muka damu

Za ku iya cewa mene ne namu a ciki. A Skyrim, abin da masu gadin gari suka fi sani game da mayaƙan Hammerfell shi ne takubbansu masu lanƙwasa. Idan zatonmu ya tabbata, miliyoyin mutane za su shafe ɗaruruwan sa'o'i a ƙasar baƙar fata mai hamada. Hammerfell ba Afirka ba ce, an cakuɗa abubuwa daga wurare da yawa wajen ƙirƙirarta, har da al'adar takobi ta Japan. Duk da haka mun san yadda finafinai suke nuna hamada kamar wurin da babu komai sai yashi da 'yan fashi, alhali duk wanda ya san ayarin gishirin Bilma ko birnin Agadas ya san hamada tana da kasuwanci da dokoki da ilimi.

Rubutun da aka riga aka yi ya ba kamfanin abin da zai yi fiye da haka. Akwai birane irin su Sentinel da Taneth da Rihad, akwai siyasa, akwai maƙeran jiragen ruwa. A The Elder Scrolls Online na 2014 an nuna wata ƙabila mai suna Ash'abah, wadda aikinta shi ne yaƙar matattun da matsafa suka tayar. Jama'a suna buƙatarsu, amma suna ƙyamarsu, domin a al'adar Redguard ɗaga makami a kan gawar kakanni abin kunya ne. Irin wannan labari muke so mu gani, kuma da shi za mu auna wasan idan ya fito.

Kafin ku rufe shafin

Skyrim wasa ne da hukumar tantance wasanni ta Amurka ta ware wa 'yan shekara 17 zuwa sama saboda zubar da jini da ke cikinsa, don haka ba muna cewa ku je ku nema ba ne, balle ga masu WAEC da NECO a gabansu. Abin da muke so ku ɗauka shi ne kashi ukun nan. Gobe idan aka turo muku saƙo a WhatsApp cewa an ɗage jarrabawa, ko cewa ga tambayoyin da za su fito, ku tambaya: hukumar ce ta faɗa, ko akwai wata hujja a rubuce, ko kuwa wani ne yake fata? Mai saƙon Redfall ma da tabbaci ya yi magana.

Mu dai mun rubuta hasashenmu a takarda, kowa ya sa hannu, muka cusa ta a jakar laftof. Hammerfell, wataƙila haɗe da wani yanki na High Rock. Thalmor a matsayin babban abokin gaba. Gabar Crowns da Forebears a tsakiyar labari. Abokinmu na uku ya rubuta High Rock kaɗai a ƙasan takardar. Ranar da kamfanin ya bayyana gaskiya, wanda ya faɗi shi zai saya wa sauran shayi da burodi da ƙwai, ko da a lokacin mun gama jami'a mun watse.